Maganin fesawa a hanci: ya dace da jariri?

 

Yau zancenmu a kan hancin jariri ne. In dari ya shigo, iska tana kaɗawa, ƙura ta tashi, ba gidan da za ka shiga ba ka ji yaro yana tari ko yana jan majina ba. Babba in hancinsa ya toshe, sai ya face majina, ko ya buɗe baki ya yi numfashi. Jariri bai iya ba. A watanninsa na farko kusan duk numfashinsa ta hanci yake yi. Ƙofar hancin kuwa ƴar ƙarama ce, majina kaɗan ta isa ta rufe ta. In ya kama nono, baki ya cika, hanci a toshe, sai ya saki ya yi kuka. Ya sake kamawa, ya sake saki. Uwa ba barci, uba ba barci. A nan ne ake fara neman magani ko wane iri ne.

Akwai wata ƴar kwalba mai dogon baki da takan shigo gidajenmu. Ana sa bakin a hanci, a danna, magani ya fesu ciki. Wani ɗan'uwa ne ya zo da ita daga birni. Wani ragowar wadda likita ya rubuta wa maigida ce. Wani kuma wurin mai tallan magani ya saya ran kasuwa. Sai a ce: ai ta yi mini amfani, a gwada wa yaron. Tambayar da za mu amsa yau ita ce: a gwada, ko kada a gwada?

Mene ne a cikin kwalbar?

Da yawa daga cikin irin waɗannan kwalabe suna ɗauke da magani na dangin kortizon. Likitoci suna kiran dangin kortikoyid. Kun san su, ko da ba ku san sunan ba. Ƙwayar nan da ake kira deksa, wadda waɗansu mata suke sha don su yi ƙiba, ƴar dangin ce. Mayukan shafawa da yawa na sa fata ta yi haske, su ma akwai shi a ciki.

Jikin mutum da kansa yana yin irin nasa kortizon. Akwai waɗansu ƴan tsokoki biyu, ɗaya a bisa kowace ƙoda. Su ne suke yin sa, kaɗan-kaɗan, daidai yadda jiki yake bukata. Shi yake taimakon jiki ya jure wa ciwo da wahala, shi yake kwantar da kumburi. A shekara ta 1948 ne likitoci a Amurka suka fara ba wa mara lafiya kortizon na magani. Na fesawa a hanci kuwa ya fito a farkon shekarun 1970.

Ba mugun magani ba ne. Ina so ku riƙe wannan. Akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da ƙura, ko furen ciyawa, ko gashin dabba. Da sun shaƙa sai atishawa, hanci ya yi ta zuba, ido ya yi ta ƙaiƙayi, wata da watanni. Ga irin wannan mutum, babba ko yaro mai wayo, feshin kortizon yana cikin magungunan da suka fi amfani. Yana kwantar da kumburin cikin hanci. Amma ba nan take ba. Sai an yi kwanaki ana fesawa kullum kafin a ga cikakken aikinsa.

To jariri fa? Irin wannan ciwo na rashin shiri da ƙura da wuya a same shi ga yaron da bai kai shekara 2 ba. Abin da yake toshe hancin jariri, mafi yawa, mura ce. Ƙaramin yaro yakan yi mura sau 6 zuwa sau 8 a shekara guda, kuma lafiyarsa lau. Mura takan wuce da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, wani lokaci ta kai sati 2. A shekara ta 2015 masana a Ingila sun tattara binciken da aka yi a kan fesa kortizon don mura. Ba su sami shaidar cewa yana rage ta ba. Watau wanda ya fesa wa jariri don mura ya sa shi cikin haɗari, kuma ba riba.

Abin da masu yin maganin suka rubuta

Kowane magani yana zuwa da takarda a cikin kwalinsa. A jikinta ake rubuta shekarun wanda aka yarda a ba shi. A Faransa, wanda ake kira Nasonex sai yaro ya kai shekara 3. Avamys da Rhinocort sai shekara 6. A Amurka an sassauta kaɗan, an yarda da Nasonex daga shekara 2. Ƙasa da shekara 2 kuwa, ko a can ba a yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dalili shi ne ba a gwada su ga jarirai yadda ya kamata ba. Wanda ya yi maganin da hannunsa bai ce a ba jariri ba. Yaya mai tallan magani zai ce a ba shi?

Kada in ɓoye muku, akwai lokacin da likita yakan rubuta wa ƙaramin yaro irin wannan magani. Akwai wani mai suna Pivalone da likitoci sukan rubuta wa ƙananan yara. Akwai kuma jaririn da aka haifa da ƙofar hanci matsattsa, likitan hanci da kunne ya duba shi, ya ba da ɗigo na ƴan kwanaki. Wannan dabam ne. Likitan ya ga yaron, ya auna nauyinsa, ya ƙayyade yawan ɗigo, ya faɗi ranar dainawa. In haka ta faru, ku bi abin da ya ce, kada ku ƙara, kada ku wuce kwanakin. In kwalba ta ƙare kada ku je ku sayo wata da tsohuwar takarda.

Ina haɗarin yake?

Abin da aka fesa a hanci ba duka yake tsayawa a hanci ba. Wani yana gangarawa maƙogwaro, a haɗiye, ya shiga jini. Magungunan ba su zama ɗaya ba a nan. Na cikin Nasonex, in aka kasa shi kashi 100, abin da yake kaiwa jini bai cika kashi 1 ba. Tsohon nan da ake kira beklometazon, wajen kashi 40 yake kaiwa. Deksametazon da betametazon kuwa, mafi yawansu jini suke tafiya.

Ku duba abin da aka gani ga manyan yara. A shekara ta 2000 an buga wani bincike da aka yi a Amurka. Yara 100 ne, ƴan shekara 6 zuwa 9. An fesa wa kimanin rabinsu beklometazon sau 2 kowace rana har shekara guda. Sauran an fesa musu abin da ba magani a ciki. Da aka auna, waɗanda suka sami maganin sun ƙara tsawon santimita 5. Sauran sun ƙara kusan santimita 6. A wannan shekara kuma an yi irin wannan awo da na cikin Nasonex, ba a ga ya rage tsawo ba. Saboda haka likitoci suka fi son sababbin, kuma suna auna tsayin yaron da ya daɗe yana amfani da su.

Waɗannan yara ne masu gudu da ƙafarsu. Yanzu ku tuna jariri ɗan wata 3, mai kilo 5 ko 6. Maigida mai kilo 60 ya ninka shi sau 10. Fesawa ɗaya da ba ta komi ga maigida, ga jariri babban abu ce. Kuma a shekarar farko ne mutum yake girman da ba zai sake yin irinsa ba. Jariri yakan ƙara tsawon wajen santimita 25 kafin ya cika shekara.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba feshin ba ne, ɗigo ne. Akwai ƴan kwalaben maganin ido da na kunne masu deksametazon ko betametazon. Suna da araha, suna ko'ina. Waɗansu sukan ɗiga su a hancin jariri. Jariri yana kwance rigingine, ɗigon ya wuce kai tsaye ya haɗiye. Ba mai ƙirga ɗigo nawa ya shiga. A shekara ta 1998 likitoci a Birtaniya sun ba da labarin yaran da ɗigon betametazon na hanci ya yi wa lahani, don an yi ta sake sayen sa wata da watanni.

Ga yadda lahanin yake. Fuskar yaro ta kumbura ta yi zagaye, kumatu su cika. Gashi ya fito a goshi da baya. Nauyi yana ƙaruwa, amma tsawo ya tsaya. Ƙarfin da jiki yake yaƙar ciwo da shi ya ragu, sai ciwo kan ciwo. A nan ne mutane suke ruɗuwa. Mu a wurinmu in jariri ya yi kumatu sai murna, a ce nono ya karɓe shi, ya yi ɓul-ɓul. Alhali ba ƙibar lafiya ba ce, irin ta mai shan deksa ce.

Akwai kuma lahanin da ido ba ya gani. Kun tuna ƴan tsokokin nan na bisa ƙoda? In kortizon na waje ya daɗe yana shiga jini, sai su daina yin nasu. Kamar mutumin da ake kawo wa tuwo kullum har ya bar zuwa gona. Ran da aka yanke kawowa, ba na waje, ba na gida. Yaro sai ya yi laushi, ya yi ta amai, yana iya suma, har ya rasa ransa. Don haka ku saurara da kyau. In kwana 2 ko 3 kawai aka yi ana fesawa, a daina, shi ke nan. Amma in an yi satuttuka ana sa wa yaro, balle in fuskarsa ta sake, kada ku yanke da kanku rana ɗaya. Ku kai shi gidan likita, su za su san yadda za a rage a hankali.

Ƙaramin lahani kuma shi ne bushewar hanci da haɓo. Da dari, hanci a bushe yake tun can.

Ɗaya kwalbar, wadda ta fi saurin cutarwa

Ba kowane maganin hanci ne kortizon ba. Akwai mai buɗe hanci nan take. Da an ɗiga, kafin a jima numfashi ya sauka. Mutane sun fi son sa don suna ganin aikinsa da ido. Shi matse jijiyoyin jini yake yi. Ga jariri ɗigo kaɗan yana iya kai shi ga barci mai nauyi, jiki ya yi sanyi, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya riƙa tsayawa. Uwa tana cewa yaro ya sami sauƙi ya yi barci, ashe magani ne ya danne shi. A Faransa an hana ba da irin wannan ga wanda bai kai shekara 15 ba. Ko babba in ya wuce kwana 5 yana sawa, hancin yakan koma ya toshe fiye da da. Akwai ma kwalaben da aka haɗa biyun a ciki, kortizon da mai buɗe hanci, kamar Dérinox.

Yanzu ga inda karatunku zai yi muku rana. Takardun galibi da Faransanci suke, amma baƙaƙen su ne waɗanda kuka koya. Ku duba ƙaramin rubutun da yake ƙarƙashin babban suna. Ku duba wutsiyar kalmar. In ta ƙare da "sone" ko "lone" ko "nide", a maganin hanci, dangin kortizon ne. In ta ƙare da "zoline", mai buɗe hanci ne nan take. Ku nemi lamba kuma. Inda kuka ga "ans", shekaru ake nufi. Inda kuka ga "mois", watanni. "Nourrisson" shi ne jariri. Kwalbar da ba kwali, ba takarda, ko rubutunta ya goge, ba ta da wurin zuwa hancin yaro.

Na gida ma a kula

Ba maganin kanti kaɗai ba. Mu ma muna da namu abubuwan da muke sawa. Ana ɗiga man shanu, ko man kaɗe, ko man gyaɗa a hancin jariri don ya yi laushi. Niyyar mai kyau ce. Amma mai yana iya silalewa ya shiga huhu ba tare da yaro ya yi tari ba. Huhu ba ya iya fitar da mai. Sai ya taru ya zama ciwon huhu mai wuyar magani. Man zafi irin su Robb da mantaleta, masu kafur a ciki, kada a sa su a hancin jariri ko kusa da hancin. Kafur yana iya sa ƙaramin yaro jijjiga.

Sai hayaƙi. Ɗakin mai jego da dari, ƙofa a rufe, ga wutar jin ɗumi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na ƙonawa, wani lokaci ga tabar maigida. Hancin babba ma yana jin wannan, balle na ɗan kwana 20. Sau da yawa in aka rage hayaƙin nan, rabin toshewar ta tafi. Uwa in za ta yi girki, ta ba wani riƙon yaron nesa da murhu, kada tana goye da shi tana hura wuta.

To me za a yi?

Ruwan gishiri. Shi ne abin da likitocin yara suke sawa, tun daga ranar haihuwa. A farmasi ana sayar da shi cikin ƴan robobi ƙanana, ana ce masa "sérum physiologique". Ba komi a ciki sai ruwa mai tsabta da gishiri giram 9 a kowace lita. Ba ya shiga jini ya yi lahani. Aikinsa ya jiƙa majina ta fito.

In farmasi ya yi nisa, ana yi a gida. A tafasa ruwa sosai, a auna lita 1. A zuba gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, a shafe, ba a tula ba. A bari ya huce a rufe. Ku ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Kullum a yi sabo, na jiya a zubar. Kada ku haɗa shi da ruwan gishiri da sukari na zawo. Wannan ba na sha ba ne, kuma ba a sa masa sukari.

Ga yadda ake yi. Ki wanke hannu da sabulu. Ki kwantar da yaron, ki juya kansa gefe. Ki ɗiga 2 ko 3 a ƙofar hancin da take sama. Ki juya shi, ki yi wa ɗayar. Ki ɗaga shi zaune, ki goge abin da ya fito da tsumma mai laushi mai tsabta. In majina ta bushe, ki murɗa bakin tsumman ya yi tsini, ki jiƙa shi, ki share bakin hancin a hankali. Kada tsinke, kada ashana. Zai yi kuka, ba komi. Lokacin da ya fi kyau shi ne kafin ba shi nono da kafin barci. Iyayenmu sukan tsotse majinar da baki. Tana fitowa, gaskiya ne, amma ciwo yana bi ta nan, daga yaro zuwa uwa, daga uwa zuwa yaro. Tsumma ya fi.

Sa'an nan nono. Yaro mai mura ba ya iya sha da yawa lokaci guda. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, dare da rana. In bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo.

Yaushe za a bar gida a tafi gidan likita?

Wannan ya fi duk abin da na faɗa. Babban haɗari shi ne a zauna ana ɗiga magani a hanci, alhali ciwon ya sauka ƙirji. Ciwon huhu yana cikin manyan cututtukan da suke kashe ƙananan yara a Nijar, kuma da kamar mura yake farawa. Ƙyanda ma da majina da jan ido take farawa.

Ku koyi ƙirga numfashi. Yaro yana kwance ba ya kuka, a ɗaga rigarsa, a duba agogo ko wayar hannu, a ƙirga tashin ciki har minti 1 cikakke. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Ku duba ƙasan haƙarƙari kuma. In yana lotsawa ciki duk sa'ad da yaro ya ja numfashi, kada a jira gari ya waye.

Haka in ya ƙi nono sam, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko leɓensa ya canja launi. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, a tafi a ranar. Wanda ya fi haka ma, zazzaɓi yana son awon jini, don masassarar cizon sauro tana iya ɓuya bayan mura. Tarin da ya wuce kwana 14 shi ma a kai.

Akwai alamu biyu da ba kowa ya sani ba. In majina tana fita ta ƙofa ɗaya kaɗai, tana wari, ga yaro mai rarrafe ko mai tafiya, sau da yawa ƙwayar wake ce ko gyaɗa ko dutsen ado ya cusa. Ba feshin da zai fitar da ita, kuma kada ku tono da tsinke. Na biyu, jaririn da hancinsa yake a toshe tun ranar haihuwa, in yana shan nono ya shiɗe, in ya yi kuka ya dawo daidai. Wannan yana iya zama hanyar hancin ce a rufe ta can ciki. Aikin babban asibiti ne.

Maigida, kai ma da kai ake. Sau da yawa uwa ta ga alama tun da safe, amma tana jiran izini da kuɗin amalanke ko na kabu-kabu. Ka ba da izinin tun kafin ciwo ya zo. Tun shekara ta 2006 gwamnati ta yanke shawarar a riƙa duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta a gidajen likita nata. Daga shekara ta 2014 kuma an ƙara allurar rigakafin wani babban nau'in ciwon huhu cikin alluran jarirai. Ku duba katin awon yaronku, ku ga ko an yi masa duka.

In za ku tafi, ku ɗauki katin. Ku ɗauki duk kwalbar da aka taɓa sa wa yaron a hanci, da kwalinta in yana nan. Ku faɗa wa likita kwana nawa aka yi ana sawa, sau nawa a rana, da ranar da aka sa na ƙarshe. Ko man shanu ne aka ɗiga, ku faɗa. Da wannan bayani ne zai san ko a daina nan take, ko a rage a hankali.